Muryar Garba a Wayar Rekiya

Rekiya 'yar ƙauyen Ɗantutture ce, aure ya kawo ta Karofi tana da shekara goma sha tara. Daddawa take yi, kuma ta iya, har daga Dutsin-Ma mata ke aikowa a saya. Mijinta Garba da babur yake nema, yana ɗaukar buhunan wake zuwa kasuwa. Shekara ashirin da biyu suka yi tare, suka haifi shida, huɗu suka rayu.

Wata Laraba da hantsi 'yan bindiga suka tare hanyar Kurfi. Garba na cikin mutum biyar da aka kawo gawarsu da la'asar. Babur ya tafi, amma wayarsa ta tsira, don ran nan ya bar ta a wurin caji.

Rekiya ba ta yi karatun boko ba. 'Yarta Fiddausi ce ta nuna mata inda za ta taɓa ta ji saƙonnin murya da ya riƙa aika wa mutane. Yawancinsu maganar aiki ce: ga shi nan tafe, a ɗaure buhu, taya ta yi faci. Akwai guda da ya aika wa ƙanensa Jibril a Fatakwal, yana dariya yana cewa yau Rekiya ta zuba wa miya gishiri kamar da gayya. Can baya ana jin muryarta tana cewa ƙarya yake. Kullum in ta ɗora tukunyar kalwa, sai ta jingina wayar da turmi ta kunna.

Bayan wata goma sha huɗu wayar ta ɗauke da kanta, ta daɗe tana juya wani zobe, sannan ta dawo da sabuwar fuska. Rubutu ya fito da hoton tsintsiya. Fiddausi na makaranta. Rekiya ta danna shuɗin wurin don rubutun ya kauce mata. Da ta shiga inda ta saba, sunayen mutane na nan, amma kowanne ta taɓa babu saƙon murya ko ɗaya.

Washegari ta hau mota zuwa Dutsin-Ma, wurin Mutawakkil mai gyaran waya a bakin kasuwa.

"Lafiyarta lau, Gwaggo," ya ce. "Sabunta kanta ta yi. Yanzu ta fi sauri, batir zai fi daɗewa, in ɓarawo ya fizge ta ma kulle kanta za ta yi. Har shara take yi, ta kwashe tsofaffin kaya ta ba ki wuri."

"Ina take kai su, ɗana?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Ta gaya masa wayar wane ne. Ya ajiye sauran aikinsa, ya jona ta da kwamfuta, ya yi ta nema har aka kira azahar. Hotuna uku ya samo, duk na buhunan wake.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ta tambaye ki kafin ta share, da Turanci."

Ta miƙa masa ladan aiki, ya ƙi karɓa. Shi ya kira mata Jibril, ko saƙon miyar yana wurinsa. Jibril ya ce tasa wayar ta faɗa ruwa tun bara.

Rekiya ba ta yi kuka a rumfar ba. Da ta isa gida ta ba Fiddausi wayar, ta ce ta riƙa karatu da ita. Tana nan tana sana'arta, sai dai ta rage magana. Kwanaki ta tambayi Fiddausi ko babanta yana jan sunan Rekiya in zai kira ta, ko a gajarce yake faɗa. Yarinyar ta yi tunani ta ce a gajarce. Rekiya ta ce ita gani take yana ja, amma ba ta da tabbas.