Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

Ikilima jikata ce, 'yar Zuwairatu, kuma tun da aka yanke mata cibi a Ruma ban taɓa ganin bakinta a rufe ba. Ba ta san zama ba. Tana ƙarama ita ke kora awaki, ita ke tsokanar masu babura, ita ke faɗa mini haƙoran da suka rage a bakina, kamar ni ban sani ba. Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo cikin Batsari, kowa ya zauna jugum, ita kuwa kafin mu gama share ɗakin haya ta kafa kaskon awara a ƙofar gida. A nan Armaya'u, wani mahauci daga Safana, ya gan ta. Wai ya zo sayen awara, mutumin da yake wuni cikin nama! Na ce masa, "Yaro, faɗi abin da ya kawo ka, ka daina wahalar da cikinka."

Aka yi aure, ta tare a Safana. Da ciki ya tsufa aka dawo mana da ita gida, ta haifi namiji, aka sa masa Lawal.

To, a wajenmu mace ba ta rawar kai da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, nono ma sai an matsa mata. Saboda haka da Ikilima ta juya wa jaririn baya, mata 'yan barka suka yi ta yabo.

"Kai, Zuwairatu, kin iya tarbiyya! Ba irin 'yan yanzu ba, masu ɗaukar hoton yaro a waya tun ba a wanke shi ba."

Zuwairatu sai fasa kai take.

Ni dai zama ya gagare ni. Kunyar nan na yi ta, na kuma ga wasu sun yi. Don idon mutane ake yin ta. Da zarar ɗaki ya watse, mai jego za ta wawuri ɗanta ta shinshina wuyansa ta murza 'yan yatsunsa. Na sani, don leƙe sana'ata ce tun ina budurwa. Sai na ɗaga gefen labule da hantsi, lokacin da babu kowa. Yaro na kan gado yana tsala kuka. Uwar na tsaye, ta je bakin taga ta dawo, ta ninke zani ta warware, ta sake ninkewa. Kunun kanwa ya huce a kwano. Gasasshen naman da Armaya'u ya aiko, ƙuda ne ke morewa. Shi kuwa Lawal, cinyoyinsa sun fara yaushi.

Da yamma ina watsa mata ruwan zafi da ganye, na ce, "Ke, in ba kya son angon nan nawa ki faɗa, in goya abina mu tafi."

Da can da tuni ta ce da wane bayan zan goya shi. Yau kuwa sai ta ce, "Kaka, ki tafi da shi."

"Wasa nake, 'yar nema."

"Ni ba wasa nake ba. In na dube shi kamar ɗan wasu. Ba na jin komai. Barci ba ya zuwa, kaina ba ya yin shiru. Zai fi jin daɗi in ba ni."

Na ajiye ganyen. Na samu Zuwairatu a madafa.

"Inna, don Allah kada ki jawo mana surutu," in ji ta. "Kunya ce."

"Kunyar da ke ramar da yaro? Ke da na haifa, ki koya mini kunya?"

Maƙwabciya ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Aka yi, muka yi ta tari, ba abin da ya fita sai sauro. Rubutu kam mun karɓo Ikilima ta sha, addu'a ba a raina ta. Amma washegari na ce za mu kai yaro rigakafi, na sa ta gaba har asibiti.

Malama Nana Hadiza, ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu jego, ta auna Lawal, ta dubi uwar, sai ta ce in ba su wuri. Na ba su, iyakar bayan ƙofa. Na ji tana tambaya a hankali: tana ci, tana barci, ta taɓa tunanin cutar da kanta ko yaron? Sai na ji kukan Ikilima, na farko tun haihuwar.

Da ta kira ni ta ce, "Baba, ciwo ne. Ciwon damuwa ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa. Ba rashin imani ba ne, ba kuma mugun hali ba. Yana da magani." Ta tura mu wajen likita a Katsina, ya ba da ƙwayoyin da mai shayarwa za ta iya sha, ya ce ba a kwana ɗaya suke aiki ba, kada ta daina sha ko da ta ji sauƙi. Kada a bar ta da kaɗaici, a riƙe mata yaro ta samu barci, a kuma riƙa ɗora mata shi a ƙirji.

Nan ne rigima. Yaya mai ɗan fari za ta rungume ɗa a gidan da mata ke shiga da fita? Sai na ɗauki kujerata na dasa a ƙofar ɗakin. Duk wadda ta zo in ce, "Mai jego na ciki, gaisuwarki ta iso, Allah ya ba da lada." Har gori aka yi mini. Armaya'u, da ya zaci matar ta tsane shi, na sa ya riƙa hawo babur da rana tsaka, hanya na da mutane, ya zauna su yi hira ko da shi kaɗai ke magana.

Ba a miƙe ta warke ba. Yau ta cinye tuwo, gobe ta koma ninke zani. Har aka gama wanka ban bari ta koma Safana ba, maganin kuwa har yanzu tana sha.

Wani hantsi na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga labule. Ta tusa hanci a wuyan yaron, tana ce masa wani abu ƙasa-ƙasa. Tana ganina ta dire shi a gado ta kau da kai, sai ka ce ba ta taɓa ganinsa ba.

"Tsohuwa," in ji ta, fuskarta na bango, "da wannan idon naki da ba ya gane gishiri da sukari, leƙen me kike yi?"

Na saki labulen, na je na ɗumama mata kunu.