Lamba Tara da 'Yarta Ulyana

Taisiya Korobova tana da shekara goma aka jera su ita da 'yan matan ajinsu jikin bango a ɗakin motsa jiki na makarantarsu, a garinsu na masana'antar ƙarfe da ke gindin duwatsun Ural. Wani kocin ƙwallon raga, Arkadi Semyonovich, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tef ɗin awo. Haka ake yi duk kaka: a auna yarinya, a duba tafin hannunta da takalminta, sannan a ce ta kawo uwarta. Uwar ita ce magana. In doguwa ce, an gama. Uwar Taisiya kuwa sai ta sunkuya take shiga bas.

Shekara goma sha bakwai ta yi a hannun mutumin nan, tun daga ƙungiyar yara har ta manya. Ita ce mai tare ƙwallo a bakin raga, aikin da ba a yi wa tafi sai dai yatsu su sha. Babu yatsanta da bai goce ba. Shi kuma ko sau ɗaya bai kira sunanta ba, sai lambar rigarta: Tara ki tashi, Tara kin mutu ne? Mutumin da ba ya kallon fuska, daga ƙafa sai hannu, kamar mai sayen doki.

Ana gobe wasan neman shiga babban rukuni gwiwarta ta kumbura suntum. Likita ya ce a bar ta ta huta, koci ya ce a yi mata allura. Aka yi, ta buga, suka ci, aka ɗauke ta a makara irin ta asibiti daga fili. Ƙungiya ta haura ba da ita ba. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta, ko waya babu wanda ya buga.

Ta samu aiki a asibitin unguwa, tana karɓar rigunan sanyin mutane tana ratayewa. Ta auri Gleb direban babbar mota, ta yi ƙiba, ɗingishi ya zauna mata. Lambobin yabonta ta zuba a gwangwanin shayi ta tura bayan kabad, kuma ta gargaɗi Gleb kada ta ji zancen ƙwallo a gidanta. Abu ɗaya ta sa a gaba: 'yarta Ulyana ba za ta shiga hannun mutanen nan ba, ko sama da ƙasa za su haɗu.

To amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ulyana ta cika goma ta kere duk ajinsu, har da malamar. Ranar da ta zo da labarin gobe masu awo za su zo, miyar kabejin da ke gaban Taisiya ta fita ranta. Ta tsayar da yarinyar jikin ƙofa ta koya mata yadda za ta saki gwiwa cikin wando, ta rage wuya, ta faɗi lambar takalmi ta ƙarya. Ulyana ta ce to, tana tura baki.

Da a nan ta tsaya, da ta tsira. Amma ina! Washegari zuciya ta ƙi kwanciya, ta bar rigunan mutane ta ja ƙafa sai makaranta, wai ta tabbatar da idonta. Ita da ta fi kowa sanin abin da ake dubawa, ita ta kai kanta.

Arkadi Semyonovich ne dai, ya tsufa, kai ya yi fari fat, tef ɗin na wuyansa. Ya riga ya auna Ulyana ya wuce ta, dabara ta ci. Yana juyowa ya ga mace ta cika bakin ƙofa, hularta na gogar sama. Ya tambayi malama uwar wace ce wannan, aka nuna masa. Ya koma ya sa yatsa a haɓar yarinyar ya ɗaga, ya buga mata gwiwa da bayan hannu, sai ga ta ta miƙe zanƙal. Ya yi 'yar dariya, ya ba ta takardar da iyaye ke sa wa hannu.

Sannan ya tako wurin Taisiya. Ya dubi ƙafarta, ya dubi hannunta da ke cikin safa.

"Uwar yarinya, kin taɓa buga ƙwallo kuwa?"

Shekara goma sha bakwai! Shi kuwa bai ma jira amsarta ba.

"Kash, an yi asarar tsawo," ya ce. "Da kin faɗo hannuna kina ƙarama, da kin zama wani abu."

A hanyar gida Ulyana na gaba, baya a miƙe, ta rungume takardar a ƙirji, murna kamar ta tashi sama. Taisiya na baya tana ɗingishi. Ta ƙi sa hannu. Gleb ya dawo ranar Asabar, yarinya ta yi masa kuka, ya sa.

Ranar Litinin Ulyana ta dawo daga horon farko da riga ta sha mata gwiwa. Ta juya wa uwarta baya don ta ga lambar.

"Mama, ya ce daga yau sunana Sha Huɗu."