Ya Kusa Tafasa

Duk wanda ya taɓa kama motar asuba a tashar Doguwa a shekarun tamanin ya san Mudi mai shayi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya fushi, ba ya sauri. Ko motarka ta cika fasinja na zage-zage, in ka ce ya zuba maka, amsarsa ɗaya ce: "Ya kusa tafasa." Ni direba ne mai gajen haƙuri, don haka mun sha yin faɗa, ni ina yi shi yana fifita wuta.

Teburinsa na jingine da katangar tasha, katangar kuwa ta tare gabas. Tun yana yaro yake hura wa mahaifinsa wuta a gurin, daga sallar asuba ba ya ɗagowa sai hantsi. Wata safiya Dikko, makiyayin da ke kawo masa madara, yana ba mu labarin yadda rana ke fitowa in kana kan dutsen bayan rugarsu, ja wur kamar garwashi. Mudi ya dakata da sheƙa shayi.

"Ni fa ban taɓa ganin fitowar rana ba," in ji shi.

Ni da Habu tela muka yi ta dariya. Shi bai yi ba. A nan ya gaya mana abin da yake ɓoyewa tun damina: idonsa na dushewa, ya je asibiti a Kano, likita ya ce abin ba ya komawa baya. So yake ya ga abin da Dikko ke faɗa tun yana iya gani. Ranar ban iya ƙarasa shayina ba.

Muka sa ranar hawa dutsen da kaka, lokacin da sama ta washe. Na ce kowa ya riƙo bargo da tocila kawai. Bayan la'asar sai ga Mudi da buhu: butar shayi, kofuna, sukari, burodi, har da galan na ruwa.

"Malam Mudi, tasha za mu buɗe a can?"

"Ku wayi gari ba shayi ina gurin? Ai sai a yi da ni a gari."

Buhun nan a kaina ya ƙare. Habu kuwa, da ƙafarsa ba ta san komai ba sai taka keken ɗinki, babu dutsen da bai zauna a kai ya huta ba. Da duhu ya yi, Dikko ya miƙa wa Mudi ƙarshen sandarsa, yana gaba yana faɗa masa inda zai taka. A haka muka kai, muka kwana a kan falalen dutse.

Da muka idar da sallar asuba sai muka jeru muna fuskantar gabas. Sanyi ake yi na gaske, haƙoran Habu na kaɗawa. Mudi na jin haka ya miƙe ya haɗa murhu a gabanmu don mu ji ɗumi. Itacen ya sha raɓa, iska kuma daga gabas take, sai ya ba ta baya, ya durƙusa yana hurawa.

Na ce, "Mudi, bar wutar nan. Gabas ta yi ja."

"Ya kusa tafasa."

Rana ta leƙo, kuma Dikko bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Malam Mudi, don Allah waiwayo."

"Ya kusa tafasa."

Saura kaɗan in yi ƙwallo da butar. Kafin ya zuba, ya sheƙa, ya ba kowa nasa, rana ta ɗaga ta yi fari fat, ko mai lafiyar ido ba ya iya kallonta. Don baƙin ciki na riƙe kofina ban kurɓa ba.

"Sha mana, zai huce," ya ce da ni. "Ai na gani. A fuskokinku na gani, duk kun yi ja, kun saki baki."

Na ɗauka lallashina yake yi. Muka sa ranar komawa, ruwa ya zo, aiki ya zo, kafin wata kakar idon ya rufe. Ƙaninsa Ɗanjuma ya karɓi teburin, Mudi ya koma kan benci, da kunne yake gane tafasar ruwa ya ce a sauke.

Wata rana na kasa daurewa, na tambaye shi ko yana nadamar shayin nan da ya dafa.

"Nadamar me? Da na waiwaya, da rana kawai zan riƙa gani a cikin duhun nan. Yanzu kuwa ku nake gani kullum, ku uku, har da giɓin Habu." Ya karkata kunne wajen murhu. "Zauna, direba. Ya kusa tafasa."

Na zauna. Fasinja suka yi ta kira, ban tashi ba.