Kwarin Attahir

Duk Belbeji an san Attahir da abu biyu: jajayen shanunsa masu dogon ƙaho, da nauyin bakinsa in zancen ciyawa ya taso. Ka tambaye shi inda ya yi kiwo, sai ya nuna maka gabas da haɓa, alhali daga arewa ya fito. Haka makiyaya suke, amma nasa ya yi yawa, don ko surukinsa Idris bai taɓa gaya wa ba.

Wani kwari ne ubansa ya nuna masa a bayan tuddan yashi, inda ciyawa ke kaiwa bazara. Shi ya sa in shanun mutane suna faɗuwa, nasa suna tsaye.

Wata shekara ma'aikata suka zo daga Yamai, suka tara jama'a a Tanout. Suka ce nan gaba ƙasa za ta soma amfani da tauraron ɗan Adam, mai ɗaukar hoton ƙasa daga sama. To, da me ya kamata a fara? Wani ya ce farin dango, wani ya ce tsaron iyaka. Attahir, da ba ya magana a taro, ya miƙe.

"Ciyawa! A hwara da ciyawa. In dabba ta ci, kowa ya ci."

Aka yi ta tafi. Ya koma gida yana hura hanci.

Bayan 'yan shekaru damina ta yi gardama. Da bazara ta matso, ya kora garkensa duk sun rame, ya bi ta zagaye kamar kullum don kada a bi sawunsa. Ya hau tudun ƙarshe, ya leƙa.

Innalillahi! Shanu, raƙuma, tumaki, bukkoki, har da mai shayi ya kafa tebur. Ciyawa kuwa an share ta tas.

Sai ga Idris ya taho yana fara'a.

"Wa ya hwaɗa maka nan?" in ji Attahir.

"Wayar salula mana, Baba. Ka buga wa ma'aikatan nan, su duba hoton sama, su ce ga inda ciyawa ta rage. Ai kai ka roƙa mana. Allah ya saka da alheri."

Attahir ya waiwaya. A bayansa tsohuwar saniyar da ke jan garke, wadda ta san hanyar nan tun tana maraƙa, ta sunsuna busasshiyar ƙasa, ta durƙusa. Ba ta sake tashi ba.