Kawu Tanimu da Injin Shan Toka

Ku da kuka ci agashen Kawu Tanimu, tsiren nan irin na Sudan, a unguwar Arba wa Nus a nan Masar, ba sai na gaya muku ba, mutumin nan bai taɓa zubar da toka ba a rayuwarsa. Kullum da safe kafin ya hura gawayi, sai ya durƙusa gaban murhun nan nasa na rabin duro, ya share tokar jiya da tsintsiya, ya tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo, ya ƙulla a ledoji. Matan unguwa su zo su karɓa, su goge gindin tukwane. Kyauta fa! Amma ka kuskura ka kira ta shara, ranar ba ka cin nama.

"Shara? Ya zol, kai bawan Allah, sabulun talaka ne wannan. Wuce ka ba ni wuri!"

Ni ne Nura mai tuktuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, ɗan ƙanwarsa, wanda ya gudu daga makaranta Kawu ya bi shi da maficin gashi har bakin titi. To ni aka ɗora wa wahalar da zan ba ku labarinta.

Tari ne ya kama Kawu, irin wanda in ya fara sai mai sayen nama ya ajiye burodinsa ya riƙe shi. Likita ya ce ƙurar toka ce ke cinye masa ƙirji, ya bar tsintsiya, ya nemi makanasa, injin nan mai zuƙe ƙura. Kawu ya ce to, ya dawo gida ya ɗauki tsintsiyarsa. Matarsa Inna Zulai kuwa kun santa, ba ta magana biyu.

"Malam, ko inji ya shigo gidan nan, ko in tsayar da mai bikiya, mai sayen tsofaffin kayan nan, ya kwashe murhun nan da sauran tarkace. Ba zan yi takaba saboda toka ba."

Murhun nan tun zuwansa Masar daga Sudan yake tare da shi. A gabansa yake hira, a gabansa yake faɗa, a gabansa ake kawo masa labarin gida. Ka raba shi da shi, ka zaunar da shi a ɗaki yana kallon bango, ai ka gama da shi.

"Nura, tayar da kwandon nan naka. Yalla, kasuwa."

Muka je kasuwar Ataba wajen masu kayan lantarki. Ashe Kawu ya cika gwangwanin madara da toka ya sa a aljihun jallabiya. Mai shago, wani Bamisire mai baƙin wando da gashi ya sha mai, yana ta "ya Hajj, ya basha", ya jawo wata makanasa ja mai ƙyalli ya ce wannan ko yashin sahara za ta shanye. Kawu ya buɗe gwangwani ya juye a tsakiyar shago.

"Bismillah. Ta sha mu gani."

Mutumin ya kunna. Ta zuƙa ta gaba, ta feso ta baya, fuuu! Wando ya koma fari, gashi ya koma na dattijo. Ashe tokar ta fi ƙarfin matatarta. Ni na riga na kai bakin ƙofa. Kawu kuwa ya tsaya yana gyaɗa kai.

"Ka gani ko, Nura? Wannan ba sha take ba. Kurkure baki take ta tofar."

Har da tambayar mutumin ko zai ba shi tsintsiya ya kwashe tokarsa, wai kada ta yi asara. Wallahi sai da na yi ta ba da haƙuri, "ma'alish, ma'alish", kamar mai karatu kafin muka fita lafiya.

Da na ga kasuwa ba za ta yi mana ba, sai na hau sama wajen maƙwabciyarmu Ummu Karim na aro makanasarta, mai jikin roba da jakar ƙyalle a ciki. Na ce, "Kawu, don Allah ka tabbata wutar ta mutu."

"Kai da ko littafi ba ka iya riƙewa daidai ba za ka koya mini wuta? Tun jiya ta rasu, har an yi mata addu'a."

Ya zura bututu cikin murhu. Da farko tamam, tana sha kamar jinjiri. Can sai muka ji ƙauri. Sai hayaƙi. Sai bututun ya lanƙwashe kamar taliya a ruwan zafi. Ashe akwai garwashi kwance a ƙarƙashin tokar, ya yi lamo. Na fizge waya daga bango, Inna ta sheƙa bokitin ruwa, Ummu Karim ta leƙo ta taga tana kiran sunan Allah da na kakanninmu. Kawu ya dubi gawar injin ya ce:

"Raguwa ce. Ɗan garwashi ɗaya ta kasa haɗiyewa, ta zo gidan mai gashi neman aiki."

Wa ya yi ta zirga-zirga da tuktuk har aka mayar wa baiwar Allah da sabuwa? Kun san amsa.

Daga ranar sharuɗɗansa suka ƙaru. Sai mai cikin ƙarfe. Sai mai bututun ƙarfe. Sai mai matatar da ake cirewa a kakkaɓe. Kuma kada ta yi ƙara ta hana shi jin sallamar mutane. Na ce, "Kawu, inji kake nema ko surukar kirki?" Ya ce duka biyun ba a samunsu da gaggawa. Inna kuwa duk lokacin da mai bikiya ya wuce yana shela, sai ta fito ƙofa ta tsaya tana kallon murhu. Kawu sai ya kama fifita wutar da ba ta buƙatar fifita.

Allah ya kawo mafita ta hannun Sale, direban wani Bature a unguwar Dokki. Baturen yana da murhun ɗumama ɗaki mai cin wasu 'yan dunƙule-dunƙulen garin katako, kamar kashin akuya, da injin kwashe tokarsa na musamman. Zai koma ƙasarsu, ya bar wa Sale makanasar. Ga ta nan kamar bokitin ƙarfe, duk abin da Kawu ya lissafa akwai. Na ce khalas, mun huta. Ina!

"Sale, Baturen nan yana da kare?"

"Yana da ɗan ƙarami, Kawu."

"To me ta ci a gidansa? Ni ba zan ba matan mutane tokar da ta kwana da gashin kare su wanke tukunyar miya ba."

Sale ya rantse toka kaɗai ta sani. Kawu ya ce shaidar direba ba ta isa ba, ai shi a mota yake wuni. Sai da ya tura ni Darrasa, unguwar ɗaliban addini, na ɗauko wani ɗalibi ɗan Zariya a tuktuk, takanas don ya yi fatawa a kan bokiti. Ustaz ya leƙa ciki, ya danne dariya, ya ce a wanke da ruwa ya wadatar. Kawu ya ba shi tsinke biyu na agashe ya ce iliminsa mai amfani ne.

Washegari aka kunna. Ta shanye tokar tas, ko ƙura ba ta tashi ba. Inna har da guɗa. Ta shiga ciki ɗauko shayi, ta fito, me za ta gani? Kawu ya buɗe cikin injin, ya juye tokar a rariya, yana tankaɗe abinsa, ƙura ta turnuƙe shi har gira, yana tari yana murmushi.

"Malam!"

"To ai na yi amfani da injin. Likita bai ce komai a kan rariya ba."

Ranar Inna ta ƙwace rariyar ta kulle a akwatinta. Ta ce duk mai son toka ta zo da kwanonta ta ɗiba da kanta. Aka ajiye wa Kawu kujera can gefe, iska na bayansa, ni nake jan inji shi yana ba da umarni: "Kusurwar hagu, makaho! Ka bar rabi!" Murhu dai ya tsira. Kawu ya ƙara cin lokacin sanyi guda da na zafi guda a gabansa, yana juya nama yana zagin mu, kuma wallahi ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba.

Amma ƙirjin ya riga ya gaji. Da aka kwantar da shi asibiti, suka sa masa abin nan na iska a hanci. Na zauna kusa da shi. Ya bi bututun da ido har zuwa tulun ƙarfen da ke gefen gado, ya yafito ni.

"Nura, ka ga inji na gari. Duk waɗanda ka kawo mini karɓa suke. Wannan bayarwa take."

Na yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan kuma hawayen ya ƙi tsayawa. Bai kwana da yawa ba bayan wannan.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi numfashi mai daɗi a Aljanna. Allah ya ba Inna Zulai haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.