Ƙasar Yumɓu da Yaya Sale Ya Bari a Zaure

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, ana cikin saran rake a Makarfi, yayana Sale ya rasu. Bana shekara bakwai ke nan.

Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Da ya dawo garinmu Gubuchi bai cika ba da labari ba. Sai ya shimfiɗa wani tsohon ƙyaure a zaure, ya gina ƙasar da ya gano da yumɓu a kansa: duwatsu, kwari, kogin da ya shafa wa shuni, daji na tsinken tsintsiya. Ya ƙera sojoji kamar ɗan yatsa. Ran Juma'a da la'asar abokan sojansa sukan zo daga Kudan da Dandamisa, su raba runduna biyu, a watsa ƙwayoyin wuri kamar na caca a ga wanda zai motsa sojojinsa.

"Sale, dutsen nan ya fi haka tsayi," in ji Kofur Mati, babban amininsa.

"Kai da alfadari ya hau da kai, ina ka san tsayinsa?"

Bai taɓa gasa yumɓun ba. Ya ce ƙasa ce, kowace shekara sai an yi mata yaɓe kamar ɗaki. Tun rasuwarsa ni nake yi, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Bara rufin zauren ya yi yoyo, laka ta cike kogin. Na gyara iya ganina, na ɗauko Kofur Mati a keke, don idanunsa sun tafi. Ya daɗe yana lalube da yatsu.

"Garba, nan ba inda muka je ba ne. Ka mai da shi gonarku."

Na roƙe shi ya nuna mini. Ya ce shi bindiga kawai ya riƙe, yayana ne mai kallon ƙasa.

Yanzu ana ɗibar samari a mota zuwa wani sabon yaƙi, har da Isa, ɗan Yaya Sale na fari. Nakan tambayi kaina ko Yaya zai yarda ya gina wannan ƙasar ma, ko zai kife ƙyauren. Ban sani ba. Rubutun da nake koyo a ajin yaƙi da jahilci ya zo a makare, babu mai gaya mini sunan dutse ko ɗaya.

Jiya na duba. Cikin duwatsu tara, shida sun narke. Gadar da ya ɗora a kan kogin ta tafi. Sojoji arba'in, saura sha ɗaya. Masu wasan su biyar ne, huɗu suna ƙarƙashin ƙasa, saura Kofur Mati. Allah ya jiƙansu.