Wuyan Mahaifin Kakata

Ƙarar ɓarar gyaɗa na jiyo daga gidan maƙwabta da hantsi, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kafin Dafga, ina ƙaramin yaro.

In an gama girbi, kakata takan tara mu jikoki a gindin rumbu, kowa da ƙwaryarsa. Yatsunmu na zafi, ƙanshin ɗanyar gyaɗa ya cika gida, ita kuwa tana magana a hankali. Ba tatsuniya take yi mana ba. Labarin mahaifinta ne, wanda aka ɗauke daga gona ana tsakiyar shuka, aka ɗora masa akwatin Bature daga Karaye zuwa Rogo, daga can aka miƙa gaba. Bai dawo ba sai da gero ya kai gwiwa, wuyansa a karkace. Har ya rasu, in an kira shi sai ya juyo da jikinsa duka.

"Ranar da aka ce Bature ya miƙa mulki," in ji ta, "gari ya ɗauki kiɗa. Ni tsohon ɗakin mahaifina na shiga na zauna. Wanda zan yi wa albishir ba ya nan."

Yau ni ke koyar da yara a wata firamare a Rogo. Kwanan baya na tambaye su abin da ya faru ranar ɗaya ga Oktoba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ranar hutu ce." Ba wanda ya yi dariya. Na ajiye alli na ba su labarin nan. Da na gama, wani ya ce, "Malam, a wane fim ne?"

Ana tashi na hau babur zuwa wajen gwaggona, domin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga mahaifin kakata da idonsu. Niyyata in kawo ta aji. Na tarar shanyewar jikin da take fama da ita ta kai ga harshe. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah ki daure, ko kalma ɗaya." Ta riƙe hannuna gam, leɓɓanta na motsi, hawaye na bin kuncinta. Ba abin da ya fito.

Gobe zan sake tsayawa gabansu. Ni ban gani ba, ji kawai na yi, kuma a gidajen yaran nan babu sauran tsohon da ya gani. In ba su yarda da ni ba, wallahi ban san wanda zan kira ba.